Baje kolin lissafi da kimiyya na taɓa-da-hannunka a Zariya: tambayoyin da ake yawan yi mana

Mu 'yan malaman lissafi da kimiyya ne, tare da wasu ɗaliban jami'a da ke taya mu. Idan mun samu sarari mukan loda tebura da kayan gwaji a a-kori-kura mu kai makarantu da unguwanni, daga cikin birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru. Duk inda muka sauke kaya kusan tambayoyi iri ɗaya ake yi mana, daga iyaye da shugabannin makarantu da limamai da su yaran kansu. Ga su nan mun tattara, da amsoshin da muke bayarwa.

Malam, wai mene ne wannan baje kolin? Da me ya bambanta da aji?

A aji malami ne ke riƙe da alli, shi ke faɗin amsa, yaro ya kwafa. A gidan tarihi kuma akan sa kaya cikin gilashi a rubuta kada a taɓa. Mu a wurinmu duk abin da ke kan teburi don a taɓa shi aka ajiye. Ka ɗauka, ka juya, ka auna, ka ɓata, ka sake.

Bari in ba da misali da teburin da muke fara kafawa. Akwai faifai, da murfin tukunya, da tayar keke, da zare, da abin awon tela. Mukan ce wa yaro ya zagaya bakin faifan da zare, sannan ya miƙe zaren ya ga sau nawa faɗin faifan zai shiga cikinsa. Zai ce sau uku da ɗan ƙari. Ya koma kan murfin tukunya: sau uku da ɗan ƙari. Idan ya zo kan tayar keke yakan ce wannan kam tunda babba ce sai ta fi. Ya auna, ya sake samun uku da ɗan ƙarin nan. A nan ne za ka ga ya ɗago kai yana kallonka. Sai a lokacin muke gaya masa cewa wannan lamba tana da suna, ita ce fai ɗin da ake rubuta masa 22 bisa 7 ko 3.14 a allo. Wataƙila ya shekara uku yana haddace ta, bai taɓa sanin a bakin faifan mahaifiyarsa take ba.

Ku kuka ƙirƙiro wannan dabara?

A'a, mun tarar da ita. Tun 1903 aka kafa gidan kimiyya da fasaha na birnin Munik a Jamus, inda baƙo ke danna maɓalli ko murɗa hannu ya ga na'ura tana aiki. A 1937 masanin kimiyya Jean Perrin ya buɗe wani a Faris, ana yin gwaje-gwaje a gaban jama'a. Amma wanda ya fi yin tasiri a kan irin aikin da muke yi shi ne Exploratorium na San Faransisko a Amurka, wanda Frank Oppenheimer ya buɗe a 1969. Mutumin masanin fiziya ne da ya taɓa koyarwa a sakandare, kuma ya sa aka ajiye wurin ƙera kayan gwajin a fili inda baƙi za su ga kafintoci da maƙera suna aiki. Wannan ya burge ni ƙwarai, don yana nuna wa yaro cewa abin da ya taɓa ɗin mutum ne irinsa ya haɗa shi da zarto da ƙusa.

Na lissafi zalla sun zo daga baya. Farfesa Albrecht Beutelspacher ya buɗe Mathematikum a garin Gisen na Jamus a 2002, na birnin New York kuma ya buɗe a ƙarshen 2012. Akwai kuma wani baje kolin lissafi mai suna IMAGINARY, wanda cibiyar binciken lissafi ta Oberwolfach a Jamus ta fara a 2008. Shi yawo yake yi ƙasa-ƙasa, kuma ya saki hotunansa da manhajojinsa kyauta a intanet don kowa ya shirya nasa. A nahiyarmu Afirka ta Kudu tana da irin waɗannan cibiyoyi a Johannasbag da Kef Tawun.

Ni ban yi boko ba. Idan na zo zan gane wani abu, ko kunya kawai zan sha?

Baba, zo abinka. Sau da yawa waɗanda ba su yi boko ba sun fi saurin gane wasu teburan, don aikin hannunsu ne muka ɗora a kai.

Magini idan zai fitar da kusurwar ɗaki yakan auna 3 ta wannan gefe, 4 ta wancan, ya tabbatar tsakaninsu 5 ne. In ya cika 5, kusurwa ta miƙe. Muna da wani allo da aka liƙa wa kwalaye uku masu murabba'i a gefunan irin wannan alwatika: ɗaya yana cin wake layi 3 sau 3, ɗaya 4 sau 4, babban 5 sau 5. Ka juye waken ƙananan biyun cikin babban, ya cika cif, ba ragi ba ƙari, don 9 da 16 sun ba da 25. Ka'idar Fisagoras ke nan da ke sa 'yan sakandare gumi. Wani dattijon magini ya taɓa tsayawa a wannan teburi ya daɗe, sannan ya ce shi tun yana yaron magini yake amfani da wannan awo, yau ya ga dalilinsa.

Haka mai ɗinkin hannu. Wanda ke zana aska takwas a wuyan riga, ko ya jera zane a jikin hula ya zagayo ya haɗe ba tare da an ga inda ya fara ba, ya san daidaito da maimaici fiye da yadda littafi zai bayyana. Mukan ba shi madubai biyu a haɗe kamar buɗaɗɗen littafi, ya sa gutsuren zane a tsakani. In ya buɗe su kusurwar digiri 90 zanen ya zama huɗu, in ya matse zuwa 60 ya zama shida. Mai saƙar tabarma da mai ɗinkin faifai su ma duk nan suke maƙalewa.

Sai gini. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na ƙarni na 19, ya ga yadda baka ke ɗauke da nauyin rufi. Muna da ƙananan tubalan katako da yara ke jerawa a kan makari su yi baka. Ba ta tsayawa sai an sa tubalin tsakiya, sannan a zare makarin, a ɗora mata bulo ba ta faɗi ba. Amma muna bayyana cewa bakan maginan Hausa ba haka ake yin ta ba: ita da azara ake ɗaure ta, ana miƙo ta daki-daki daga bango ana lulluɓewa da ƙasa har ɓangarorin su haɗu. Hanya biyu ce ta warware matsala ɗaya, kuma in an samu magini a wurin shi muke roƙo ya yi bayanin, mu koma gefe mu saurara.

Wane teburi ne ya fi tara jama'a?

Na sa'a da rabo, musamman ga samari.

Wasan farko ba ya buƙatar komai. Mukan tara mutane mu ce kowa ya rubuta lambobi biyu na ƙarshen lambar wayarsa. Daga 00 zuwa 99 guda 100 ne, don haka yawanci sukan ce sai an tara mutum hamsin kafin a samu biyu da suka yi karo. Lissafi kuwa ya nuna mutum 13 sun isa a ce samun karon ya fi rashinsa yiwuwa, in kuma sun kai 25 to kusan sau 96 cikin 100 za a samu. Dalili shi ne ba lambarka kaɗai ake gwadawa da ta sauran ba, kowa ana gwada shi da kowa. Mutum 25 suna ba da haɗi 300. A littattafan waje da ranar haihuwa ake yin wannan wasa, mutum 23. Mun sauya shi zuwa lambar waya don da yawa cikin manyanmu ba su riƙe ranar haihuwarsu ba.

Na biyu allon ƙusoshi ne, wanda ake jingina wa Francis Galton na Ingila. Kafinta ya buga mana ƙusoshi layi 10, muka samo 'ya'yan boris a wurin mai gyaran keke. Ka saki ɗaya daga sama, duk ƙusar da ya buga ko ya yi dama ko ya yi hagu, ba mai iya cewa ga inda zai sauka. Amma ka saki ɗari biyu, sai su taru tsakiya su yi tsibi kamar hatsi a masussuka, gefe da gefe 'yan kaɗan. Ka kwashe ka sake, tsibin nan ya dawo. Hanyoyin sauka 1,024 ne. 252 daga ciki tsakiya suke kaiwa, guda ɗaya tak ke kaiwa can ƙarshen dama.

Ba na ɓoye dalilin da ya sa nake son wannan allo. Shagunan cacar ƙwallo sun cika mana unguwanni, kuma ina da ɗalibai da kuɗin makarantarsu ya tafi can. Malamai sun yi wa'azi a kan haramcinta, mu kuma abin da za mu iya ƙarawa shi ne mu nuna wa saurayi da idonsa cewa wanda ya jera wasa 10 a takarda ɗaya yana jiran duk su ci, ɗan boris ɗin can na ƙarshen dama yake jira. Mai shagon ba ya buƙatar sanin wa zai ci yau. Tsibin ya sani, kuma a kansa ya gina ribarsa.

Na uku tambaya ce kawai a rubuce: a ba ka naira miliyan 10 yanzu, ko a ba ka naira 1 yau, gobe 2, jibi 4, ana ninkawa har kwana 30? 'Yan kasuwa kan yi murmushi su ɗauki biro. A rana ta 30 kaɗai kuɗin ya kai naira 536,870,912, jimillar watan kuma ta haura biliyan ɗaya. Da wannan muke shiga maganar yadda bashi mai ruwa ke kumbura da yadda annoba ke yaɗuwa.

Na ga kuna sa yara cika hatimi. Wannan ba tsibbu ba ne?

Wani liman ne ya fara yi mana wannan tambaya, kuma ya kyauta da ya yi. Abin da ke kan teburin gida tara ne da ƙananan katakai masu lamba 1 zuwa 9. Aikin yaro shi ne ya jera su yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ba a rubuta sunan kowa, ba a wanke komai a sha, ba a jingina wa lambobin wani asiri. Tarawa ce da tunani. Yaro mai lura zai gano cewa dole 5 ta zauna tsakiya, kuma lambobin da ke rabuwa biyu su ne ke zama a kusurwoyi. Da ya gano dalilin haka, ya fara abin da masana lissafi ke kira hujja.

Muna da wani dalili kuma. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, mutumin ƙasar Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 wanda a ciki ya bayyana hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu layi mara, wato 3 ko 5 ko 7 zuwa sama. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa. Gaskiya ne a zamaninsa ana haɗa wannan fanni da ilimin asirai. Mu lissafin muka ɗauka. Ina so yaron Zariya ya san cewa kusan shekara 300 da suka wuce wani daga nan maƙwabta ya zauna ya yi wa lambobi irin wannan tunani, tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a Arewa.

To ina matsayin addini? Ba za ku rikita wa yara aƙida ba?

Ba mu zo da wata aƙida ba, kuma ba ma ba da fatawa. Hasali ma wasu teburanmu daga zauren malamai muka aro su. Ilimin rabon gado lissafin ɓangarori ne tsantsa. Mukan ba da wake mu ce mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. In asalin rabon 6 ne, miji 3, su 4, ga shi ya zama 7. Yara kan yi ta juya waken suna neman inda kuskure yake, har sai an gaya musu abin da malamai ke kira auli, a mai da rabon 7 kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, babban kaso na littafin nasa a kan matsalolin gado da wasiyya ne.

Alƙibla ma haka. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ka kafa sanda a miƙe, ka ja layi a kan inuwarta, ka samu saiti ba tare da kamfas ba.

An ce akwai ranar da kuke nuna inuwa ta ɓace. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma ita ce ranar da na fi so a duk shekara. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta, rana takan bi ta tsakar kanmu sosai. Da misalin sha biyu da rabi, in ka ajiye gwangwani ko kwalba a daɓe mai lebur, inuwarta takan shige ƙarƙashinta na ɗan lokaci. Ta Afrilu ta fi tabbas, don a Agusta hadari kan rufe mu. Mutanen Ingila ko Jamus ba za su taɓa ganin wannan a ƙasarsu ba, rana ba ta kaiwa tsakar kansu.

Tsofaffin ladanai sun san wannan tun ba yau ba. Sun san inuwar zawali tana tsawo a hunturu ta gajarce da bazara, kuma sun san la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire ta zawalin. Abin da muke ƙarawa shi ne labarin Eratostenis, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya ji cewa a garin Aswan akwai ranar da inuwa ke ɓacewa, alhali a wannan rana a Iskandariyya sanda tana da inuwa mai kusurwar kusan digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya fitar da kewayen duniya. Mu ma muna iya yi, don Katsina da Zariya da Abuja kusan a layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu. Ranar da inuwa ta ɓace a Zariya, ɗalibi a Abuja zai auna kusan digiri 2. Digiri 2 kashi ɗaya ne cikin 180 na da'ira, tsakanin garuruwan kuma kusan kilomita 220 ne a miƙe. Ninka ka gani: ka doshi kilomita 40,000, da sanda da zare da kiran waya ɗaya.

Duk lissafi ne? Ina kimiyyar?

Tana nan, yawancinta daga madafa. Ruwan zoɓo in an ɗiga masa lemon tsami yakan ƙara ja, in an sa masa ruwan kanwa ko na toka ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Abin da takardar gwajin tsami ke yi ke nan a ɗakin gwaje-gwaje, sai dai wannan ana sayar da shi a kowace kasuwa.

Muna ajiye randa da bokitin roba gefe da gefe, da ruwa iri ɗaya, da ma'aunin zafi. Kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi. Tambayar ita ce don me. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Mukan tambayi yara me ya sa dabarar ta fi aiki da rani a kan damina, mu bar su da ita.

Akwai lilo na zare mai tsawon mita ɗaya, wanda ke zuwa ya dawo cikin kusan sakan 2 ko dutse ka ɗaura ko kwaɗon ƙofa. Akwai kwali mai ɗan huji da ke nuna bishiyar waje kanta a ƙasa, irin gwajin da Ibn al-Haisam ya bayyana a littafinsa na ilimin gani kusan shekara dubu da suka wuce. Da hunturu kuma, saboda bushewar iska, mataji da aka goga a mayafi yakan ɗauke gutsattsarin takarda ya lanƙwasa siririn ruwan famfo; da damina gwajin nan yakan ƙi.

Me ya sa masu tsaron teburan ba sa faɗin amsa? Ɗana ya ce ya tambaya an mayar masa da tambaya.

Hajiya, da gangan ne, kuma shi ne abu mafi wuya da muke koya wa masu taya mu. Ni kaina na sha yin kuskuren. A farkon fara wannan aiki wata yarinya tana yanka zoben takarda da aka murɗa sau ɗaya kafin a liƙe, irin wanda masanin lissafi na Jamus Möbius ya bayyana a 1858. Kowa yana zaton in an bi tsakiyarsa da almakashi zai rabu biyu, alhali zobe ɗaya dogo yake zama. Tana tsakiyar yanka na gaya mata abin da zai faru. Ta ƙarasa, ta ajiye, ta wuce ba ta ce komai ba. Na ƙwace mata mamakin da ya kamata ya zama nata, kuma har yau abin yana damuna.

Tun daga nan ƙa'idarmu ita ce: ka tambayi mutum me yake zaton zai faru, ka bar shi ya gwada, ka tambaye shi me ya gani. In ya nemi bayani bayan haka, a ba shi cikakke. Ba rowar ilimi muke yi ba.

Wannan zai sa ya ci WAEC ko JAMB?

Shi kaɗai ba zai sa ba, kuma ba za mu yi muku alkawarin ƙarya ba. Jarrabawa tana son zama da littafi da yawan aiki da malami mai bibiya. Abin da muke gani shi ne yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi yakan sassauta bayan ya warware wani abu da hannunsa a gaban abokansa. Mafi amfani shi ne malamin ajinsu ya zo tare da su, don idan ya kai kan darasin ya ce ku tuna waken nan, ku tuna faifan nan.

Da Hausa ake yi ko da Turanci?

Da Hausa, sai in baƙo ba ya ji. Kowane teburi yana da kati da Hausar boko da ajami da Turanci, kuma mukan faɗi sunan abin kamar yadda zai zo a jarrabawa, amma bayan an gane shi. Na sha ganin yaron da aka ce ba ya ja, da aka karanta masa tambayar da Hausa ya amsa nan take.

'Yan mata da matan aure fa?

Mun lura in an haɗa su wuri ɗaya samari kan mamaye teburan, 'yan mata su tsaya baya suna leƙe. A irin wannan baje koli wanda bai taɓa ba kamar bai zo ba ne. Don haka mukan ware musu lokacinsu, da ɗalibai mata a kan teburan. Matan aure kuma ta makarantun Islamiyya na dare ko na ƙarshen mako muke isa gare su, da izinin shugabannin makarantar. A teburin awo da kasafi su ne gwanaye: wadda ke sayen mudun gyaɗa ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli ta san ribarta ba ta buƙatar a koya mata kashi cikin ɗari, suna kawai za a gaya mata.

Daga shekara nawa ake zuwa? Akwai haɗari?

Duk wanda ya iya ƙirga goma zai samu teburinsa. 'Yan ƙasa da shekara bakwai su zo da babba, saboda wake da 'ya'yan boris da kan iya shiga baki ko hanci. Ba ma amfani da wutar lantarki ta gida ko sinadarai masu ƙuna. Batirin tocila da kayan miya sun ishe mu. Gargaɗi ɗaya da muke nanatawa: kada a kalli rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau ko ta cikin ruwan kwano. Masu tuna husufin 29 ga Maris 2006 sun san yadda jama'a suka yi ta ɗaga kai. Hanyar da ba ta cutarwa ita ce a huda kwali a bar hasken ya sauka a ƙasa, a kalli surar a can.

Makarantarmu tana son shirya nata. Ba mu da kwamfuta, wuta ma ba kullum ba.

Ranka ya daɗe, ba a buƙatar ko ɗaya. Ku fara da tebura biyar ko shida, kada ku wuce haka a karon farko. Kafinta ɗaya, tela ɗaya, kwalaye, zare, wake da madubai sun isa. Ku yi komai da ƙwari, don abin da hannu ɗari zai taɓa a yini sai ya karye. Ku tanadi biyu na duk abin da ke da saurin lalacewa. Ku gwada kowane teburi da yara uku kafin ranar: in sun kasa gane abin da ake so su yi cikin minti ɗaya ba tare da an yi musu bayani ba, katin ne ke da gyara. Ku sa 'yan babban aji su tsare teburan, za ku ga su ne suka fi ƙaruwa. Ku shigo da mutane rukuni-rukuni, kamar ashirin-ashirin, kuma ku rage jawabai. Na ga taron da manyan baƙi suka cinye safiya da jawabi, yara suka samu rabin awa.

In kuna neman rana, 14 ga Maris ta dace. Hukumar UNESCO ta ayyana ta a 2019 a matsayin ranar lissafi ta duniya, saboda wata na 3 rana ta 14 ya yi daidai da 3.14. In kuma akwai kwamfuta ko da ɗaya ce, manhajojin lissafi GeoGebra da SURFER kyauta ne. Ta biyun tana mai da lissafin aljabara sura mai launi da yaro zai juya ya ga ta sauya in ya canza lamba.

Kuna ganin Zariya za ta iya riƙe cibiya ta dindindin irin ta ƙasashen waje?

In akwai garin da ya cancanta a Arewa, wannan ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, kuma masanin lissafi, Farfesa Iya Abubakar, ya taɓa shugabantarta daga 1975 zuwa 1978. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964. Ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga ta dabbobi a Shika, ga cibiyar binciken makamashi mai ɗauke da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Ga Barewa da Alhudahuda, ga babbar makarantar horar da malamai da kwalejin kimiyya da fasaha. Masanan suna nan, ɗaliban suna nan, maƙera da kafintoci suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada. Amma yaron da ke tallan rake a bakin ƙofar jami'a zai iya girma bai taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Abin da muke nema bai kai ginin bene ba. Zaure ɗaya mai faɗi a wurin da ɗan Kwarbai da ɗan Samaru za su iya zuwa da kuɗin mota ɗaya, da mutum biyu da za a riƙa biya su buɗe shi kullum su gyara abin da ya karye, da ɗan kasafin sayen ƙusa da gam. Teburan muna da su, yanzu haka suna jingine a shagon wani kafinta da ya ba mu aron wuri, sai ranar da muka samu motar ɗauka.